Gwaggo Hure da Layin Marigayi

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a kasuwar Makoda ya ci na Gwaggo Hure, ko ya sani ko bai sani ba. Ita ba ta zuwa kasuwa. A cikin gida take suyar gyaɗarta, ta matse mai, masu sari su zo har ƙofa su ɗauka. Ƙanwar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni Kamilu a hannunta na yi rabin ƙuruciyata, don gona ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan mijinta. Ƙauyenmu babu daji a cikinsa ko kaɗan. Ka fita daga gonar wani ka faɗa ta wani, har bishiyar kuka ta bakin hanya tana da mai ita.

Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, saboda shekarun da ta kwashe tana matsar mai. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi maka guda ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Ta haihu da yawa, uku suka rayu: mata biyu da ke gidajen aurensu, sai ɗan fari, Sabiru. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, yadda iyayenmu mata suke yi da ɗan fari, har ya yi gemu yana nan a yaron nan. Mijinta Malam Iliyasu kuwa Malam ne kawai a bakinta.

Sabiru sa'ana ne. Gonar ubansa ba ta isa ta riƙe magidanta biyu ba, don haka wata shekara bayan an gama girbi ya bi masu tafiya arewa, ta Agadas har Libiya. Da farko mun ji yana aikin gini, daga baya muka ji yana gadin wata gonar dabino. Bai aiko da abin kirki ba, kuma na san kunyar hakan tana cinsa. Wayarsa an ƙwace ta a hanya tun farkon tafiyar, wadda ya saya daga baya ma aka sake ƙwacewa, sai ya haƙura. Abin da ya rage masa shi ne lambar ubansa, wadda ya haddace tun yana saurayi, don layin Malam Iliyasu yana cikin na farko da suka shigo ƙauyenmu. Tawa lambar da ya sani ta tafi da wayar da aka zare mini a kasuwar Dambatta.

Sau biyu yake kira a shekara, ranar ƙaramar Sallah da ranar babba. Wayar aro yake samu, kowane kira da tasa lambar, wani lokaci ma babu lambar da ke fitowa. In an sauko daga Idi, Malam zai kifa turmi a jikin katangar gabas, inda sabis ya fi ƙarfi, ya ɗora wayar a kai. In kiran ya shigo sai ya buɗe murya kowa ya ji. Gwaggo ba ta taɓa karɓa ba. Tana tsaye a bakin madafi da ludayi a hannu kamar mai aiki, alhali miyar ta daɗe da nuna. In Malam ya ce ga innarka, iyakacinta ta ce a gaya masa ya riƙe salla. Daga nan sai ta shige ɗaki, a yi ta nemanta ba a ganinta sai azahar.

Makonni kaɗan bayan wata babbar Sallah, ana tsakiyar damina, Malam Iliyasu ya kwanta zazzaɓi, bai tashi ba.

A nan Malam Zubair ya shigo maganar. Ƙanin marigayi ne, shi ke koyar da yara karatun allo a zaurensa, mutum mai tsoron haƙƙin wani har ya wuce misali. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na fi samun sauƙi, don da na san wanda zan tsana. Bayan sadakar bakwai ya tattara kayan yayansa, riguna da huluna da rediyo da wayar, ya zuba a akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo. Ya ce babu rabon gado sai an ji daga babban magaji, kafin nan kuma ko allura babu mai taɓawa. Gwaggo tana cikin takaba, ta aiko daga bayan labule a roƙe shi ya bar wayar a waje. Ya ce katin da ke cikinta ma dukiyar magada ne, in aka kira wani da shi, wa zai amsa tambaya gobe ƙiyama? Ya ƙara da cewa ai yaron sai da Sallah yake kira, jajibirin Sallah shi da kansa zai buɗe akwatin. Duk wanda ke wajen ya gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da gaskiya. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya san cewa layi ma yana mutuwa in aka bar shi a kwance.

Ya kuwa cika alkawari. Jajibirin ƙaramar Sallah ya buɗe akwatin a gaban shaidu, na kai wayar shagon caji. Ta kawo wuta lafiya lau, amma babu sabis ko ɗigo. Na cire sim ɗin na goge a rigata na mayar, na hau katanga da ita, shiru. Na kira lambar da tawa wayar, aka ce a kashe take. Muka ce matsalar sabis ce, zuwa safe zai dawo. Da gari ya waye Gwaggo ta kifa turmi da hannunta ta ɗora wayar, ta kuma kafa doka: yau kada wanda ya kira lambar nan, kada yaron ya kira ya tarar ana kan layi. Haka muka wuni muna kallon wayar. Ranar ba ta tsaya a bakin madafi ba, a ƙasa ta zauna kusa da turmin har aka kira magariba.

Bayan Sallah na kira lambar kamfanin ta masu ƙorafi. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba don ina ganin girmansu ba, sai don duk kanwar ja ce. Wata murya ta ce in danna kaza don Hausa, na danna, ta ce in danna wani kaza, na danna, sannan aka sa mini kiɗa. Lokaci zuwa lokaci kiɗan ya tsaya, muryar ta ce kirana yana da muhimmanci a wurinsu. Ni dai ban taɓa ganin abu mai muhimmanci da ake shanyawa haka ba. Da ƙyar wata yarinya ta ɗauka. Na zayyana mata komai, ta ce a ba ta mai layin ta yi magana da shi. Na ce ya rasu. Ta ce Allah ya jiƙansa, sai dai mu je ofishinsu mafi kusa, ko akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi?

Mai laimar da ke sayar da sim a kasuwarmu ya tura ni Dambatta. Na Dambatta ya juya wayar a hannunsa, ya ce wannan aikin babban ofis ne, sai Kano. Da na dawo na gaya wa Gwaggo zan je, ta ce ƙafata ƙafarta. Matar da ba ta zuwa kasuwar da ake sayar da kayanta, ita ce ta ɗaure wayar a gefen zane ta shiga bas.

Ofishin nan sanyi kamar cikin randa. Aka ba mu 'yar takarda mai lamba, muka zauna a kujerun ƙarfe tun hantsi har rana ta karkata. Gwaggo ba ta jingina ba, ba ta kuma sha ruwa ba. Da layi ya zo kanmu, wani saurayi mai ɗaure da laƙataye a wuya ya tambaye ta sunan mai layin. Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya da ƙarfi, yana zaton ba ta ji. Ni na faɗa masa, don ko za a yanka ta ba za ta kama sunan mijinta a gaban baƙo ba. Ya ce dole mai layin ya zo da kansa ya dangwala yatsa.

"Yana maƙabarta," in ji Gwaggo.

Ya ce to, in haka ne sai mun kawo takardar shaidar mutuwa da ta rantsuwa daga kotu. Ya riga ya danna ƙararrawar kiran na bayanmu kafin mu tashi. Abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci shi ne, kwamfuta tana gabansa, lambar tana rubuce a gabansa, amma bai ko shigar da ita ya duba ba.

A ƙauyenmu in mutum ya mutu wanka ake masa a kai shi makwancinsa, babu mai tunanin takarda. Sai ga mu muna neman shaidar abin da kowa ya sani. Mai unguwa ya tura mu wurin dagaci, dagaci ya rubuta ya tura mu sakatariyar ƙaramar hukuma, can kuma yau mai hatimi ya tafi jana'iza, gobe ya tafi taro. Ruwan shuka ya sauka ina kan wannan zirga-zirga, gonata ce ta ƙarshe da aka shuka a unguwarmu. Malam Zubair shi ya raka ni kotu ya yi rantsuwar. Duk tsawon hanya carbi yake ja. Gwaggo kuwa abu ɗaya take lissafi, babbar Sallah tana matsowa.

Zuwanmu na biyu wata budurwa muka samu, 'yar birni, mai haɗa Hausa da Turanci. Ta karɓi takardun da muka sha wahala a kansu ta ajiye gefe, ko buɗewa ba ta yi ba. Ta shigar da lambar a kwamfuta, sannan ta ce ai wannan layin an riga an sake sayar da shi, tun kafin azumi. Ƙa'idarsu ce, in layi ya yi watanni ba a kira ba, ba a karɓa ba, ba a sa kati ba, sai ya koma hannun kamfani. Ta ce kuma sun turo saƙon gargaɗi kafin su ɗauka. Na tambaye ta ina suka tura saƙon. Ta ce kan layin mana.

Ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba. Na ce tun kafin azumi, amma wancan mai laƙatayen ya sa muka yi ta yawo neman takardar abin da babu shi? Mai gadi ya matso. Manaja ya fito daga wani ɗaki, mutum mai fara'a da taushin baki, ya kira Gwaggo Hajiya, ya ba da haƙuri har sau nawa. Na ce su karɓo layin su dawo mana da shi. Ya ce ba zai yiwu ba, yanzu haƙƙin wani ne. Na ce su gaya mana wane ne. Ya ce sirrin abokin hulɗa ne. Wato layin mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sa musu kati ba shi da wata alfarma, amma wanda ya saya jiya yana da sirri. Daga ƙarshe ya ce saboda damuwar da muka shiga, kamfani zai ba Hajiya sabon sim kyauta, da data a ciki, har ta zaɓi lamba mai kyau mai sauƙin riƙewa.

Gwaggo ta dube shi a karon farko. "Ɗan nan, ni ba lamba mai kyau nake nema ba. Ita wannan ɗin ce kaɗai ya sani."

Ya ce ya fahimta ƙwarai. Bai fahimci komai ba. Aka kama yatsanta aka dangwala, aka miƙo mata sabon sim a leda, ta karɓa don ba ta iya mayar da kyauta. Muna tashi budurwar nan ta rage murya ta ce mu gwada kiran lambar mana, wataƙila mai ita ya ɗauka. Ba mu kai bakin titi ba saƙo ya shigo wayata, wai an warware ƙorafinmu, in danna lamba in nuna yadda na ji daɗin aikinsu.

A gindin wata bishiya a bakin ofishin na kira. Sai ga shi tana shiga, abin da ban ƙara gwadawa ba tun jajibirin Sallah. Wani namiji ya ɗauka. Ina fara bayani ya ce shi ya gaji da 'yan damfara, zai kashe. Na miƙa wa Gwaggo. Ban taɓa ganin ta riƙe waya a kunne ba sai ranar. Ta yi sallama, ta ce ita tsohuwa ce daga wajen Makoda, wannan lambar ta mai gidanta ce da Allah ya yi wa rasuwa, kuma tana da yaro a ƙasar waje. Daga nan muryar mutumin ta sauka.

Sunansa Abdulkabir, manomin rani ne a Watari. Ashe duk wahalar nan da muke sha layin yana nan kusa da Bichi, tafiyar da babur zai yi kafin azahar. A wajen mai laima ya saya, bai san yana da mai shi a da ba. Yawanci wayar a kashe take in yana fadama, don babu wajen caji. Ya ce ƙwarai, ranar ƙaramar Sallah wani ya kira daga waje yana neman babansa, ya ce masa ba nan ba ne. Lambar ba ta fito ba. Na roƙe shi ya bar mana sim ɗin. Ya ce da zai iya da ya yi, amma da yatsansa aka yi rajista, bankinsa yana kai, dillalansa na tumatir duk ita suka sani. Ban ga laifinsa ba. Na ce to ya rubuta lambata, in yaron ya sake kira ya ba shi. Gwaggo ta ce a'a, kiran yaron nan ba ya daɗewa yake yankewa, kafin a karanta lamba an gama. Ita za ta zo da kanta ranar Sallah ta zauna kusa da wayar, in mai gidan ya yarda. Ya ce Allah ya kawo ta lafiya.

Tun da aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa yin Sallah a wani gida ba. Ranar babbar Sallah muna saukowa daga Idi na ɗauke ta a babur, ta rungume galan ɗin man gyaɗa da ƙullin ƙuli-ƙuli na tsaraba. Matar Abdulkabir, Asiya, ta tarbe ta kamar uwarta, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗaki. Abdulkabir ya cika wayar da caji tun jajibiri, ya kawo ya ajiye a gabanta.

Wayar kuwa ba ta huta ba. 'Yan'uwansa, surukansa, dillalai, kowa da barka da Sallah. Duk lokacin da ta yi ƙara sai Gwaggo ta zabura, shi kuma ya duba ya ce yayarsa ce, ko abokinsa ne, ya amsa a gurguje ya kashe. Aka yanka rago, aka soya hanta aka kawo mata, ta taɓa kaɗan don kada a ce ta ƙi. Na lura mai gidan ma bai ci ba. Ya shiga ya fita, ya zauna ya tashi, ba ya yarda su haɗa ido da ita.

Bayan la'asar ya ja ni zaure. Ya ce akwai maganar da bai faɗa a waya ba, kuma ta hana shi barci tun ranar da muka kira, bai san ko ya dace tsohuwa ta ji ba. Ashe ta biyo mu, tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce ya faɗa a gabanta.

Ya durƙusa. Ya ce ranar ƙaramar Sallar ba sau ɗaya yaron ya kira ba. Ya kira ya ce a ba shi Baba, aka ce ba nan ba ne. Ya sake kira, ya karanto lambar daidai, ya ce ta babansa ce tun yana yaro. Shi kuma Abdulkabir a lokacin masu damfara sun dame shi, ga baƙi cike da gida, ransa ya ɓaci. Da kiran ya ƙara shigowa sai ya daka masa tsawa, ya ce an gaya maka babu babanka a nan, kada ka sake kiran layin nan.

"Bai kashe ba, Inna. Can ya ce, shi ne ya ce ka faɗa mini haka? Ni kuma don in rabu da shi na ce e."

Abdulkabir ya ci gaba.

"Sai ya ce, to, ka ce masa na ji. Ka ce wa Inna ta yafe mini."

Na so in shaƙe mutumin nan, na kuma san ba shi ya kamata in shaƙe ba. Hawaye yake yi a zaurensa ranar Sallah saboda kalma ɗaya da ya faɗa wa wanda bai sani ba. Gwaggo ta dafa bango. Ta ce masa ya tashi, ba laifinsa ba ne. Sannan ta tambaye shi ko muryar ta mai lafiya ce. Ya ce wallahi ba zai iya cewa ba, hayaniya ta yi yawa a gidan ranar.

Ta koma kan tabarmar ta ɗauko wayar, ta miƙa masa da hannu biyu. Ta ce, "In ya sake kira..." sai ta tsaya. Ba ta ƙarasa ba, mu ma babu wanda ya ce ta ƙarasa.

Salloli sun zo sun wuce tun daga ranar. Kowace Sallah da yamma Abdulkabir yakan kira ni, mu gaisa, ya ce babu labari, ni kuma in shiga in gaya mata. Tana nan tana suyar gyaɗarta, sai dai ƙarfin ya ragu. Abin da ke ci mini rai ba rashin kiran ba ne kaɗai. In Sabiru yana raye, to yana can wani wuri yana ganin ubansa na nan da rai, kuma ya sallama shi.